Birni Ba Hoto, Gobe Ba Shaida

A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19. Kafin a yi kwana guda, hotunan ɓaraguzansa sun zagaye wayoyin salula daga Difa har Tera. Kowa ya ɗauka, kowa ya tura, aka yi ta salati. To amma daga cikin dubban mutanen da suka riƙa wucewa ta gabansa safe da yamma da waya a aljihu, mutum nawa ne suka taɓa tsayawa suka ɗauki hoton ginshiƙansa, da azarar rufinsa, da ƙofofinsa, lokacin da yake tsaye? Mutum nawa suka rubuta ranar da suka ɗauka, suka adana? Hoton gawa ba ya maye gurbin hoton mai rai. Al'ummar da ba ta tuna kyamara sai ranar da abu ya faɗi ta koyi zaman makoki, ba ta koyi ajiya ba.

Akwai wani mutum da manyan biranen Nijar suka daɗe suna yi wa kallon raini, alhali bukatarsa ta kai intaha. Shi ne mai ɗaukar hoto don sha'awa: malamin lakwal, ko ɗan lise, ko tela, ko ma'aikaciyar asibiti, wanda ranar hutu yake yawo cikin gari yana ɗaukar abin da idonsa ya gani, ba biki aka gayyace shi ba, ba kuma wanda zai biya shi dala. Mai situdiyo an san sana'arsa, mai bin aure da suna an san abincinsa. Shi kuwa wannan, sunayen da ake ba shi sun isa shaida: ɗan zaman banza, mai kwaikwayon Anasara, ko kuma, in abin ya yi tsami, ɗan leƙen asiri. Waɗannan sunaye uku hujjoji ne uku, kuma kowace ta cancanci a amsa mata.

Masu cewa aikin banza ne sun dogara da talauci. A ƙasar da buhun hatsi yake hana maigida barci, in ji su, wa ke da lokacin ɗaukar hoton bango? Maganar tana da kama da hankali, sai dai masu yin ta ba su taɓa yi wa kokowa wannan hisabi ba, ko karta, ko shayin da ake dafawa a fada daga la'asar har tsakar dare. Ba wanda ya ce a rushe filin kokowa don hatsi ya yi tsada, kuma tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa ba a rasa masu kallo ba. Ashe lokaci akwai shi. Abin da babu shi ne yarda cewa duban gari da natsuwa aiki ne. Batun kuɗi ma ya tsufa. A da, sai an sayi fim, an ɗauka ba a ga abin da aka ɗauka ba, an kai wanki, an biya. Yanzu wayar da ke hannun ɗan kabu-kabu ta fi kyamarar da manyan masu hoton Afirka suka fara da ita ƙarfi nesa ba kusa ba.

Su waɗannan manya, ai da sha'awa suka fara. Seydou Keïta na Bamako ɗan kafinta ne, yana koyon aikin katako, har a 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal ya ba shi ƙaramar kyamara Kodak Brownie. Shekaru ya yi yana ɗaukar dangi da maƙwabta yana ɓata fim kafin ya buɗe situdiyonsa a 1948, inda yake aiki da hasken rana a tsakar gida, da zane mai ado a bayan mutum. A Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya sayi irin wannan kyamara a 1950, daga baya ya shafe shekaru yana ɗaukar kitson mata, har ya tara kusan hoto 1,000 na salon da yawancinsu sun ɓace daga kan mata. A gida ma akwai Mustafa Alasan, makanike, wanda ya koya wa kansa zane da wasan inuwa kafin ya zama ɗaya daga cikin iyayen silimar Afirka. Da an bi ra'ayin masu raini, da an ce wa Keïta ya ajiye abin wasa ya koma ga zarto.

Masu cewa kwaikwayon Anasara ne sun faɗi rabin gaskiya. Hoto a Faransa aka haife shi, a 1839 aka bayyana dabarar Daguerre ga duniya, kuma a Amurka kamfanin George Eastman ya fito da Brownie a 1900 a kan dalar Amurka ɗaya, ya sa kyamara a hannun talaka. Keken ɗinki ma daga can ya zo, haka rediyo, haka lasifikar da ladan yake kiran salla da ita, kuma ba wanda ya ce babbar rigar da aka ɗinka da keke ta zama kwat. Abin da ya kamata ya dami mai kishin al'ada shi ne wanda ke riƙe da kyamarar. Shekara fiye da ɗari, baƙo ne ke riƙe da ita. Hafsan mulkin mallaka ya ɗauki sarki da dogarai ya buga a katin wasiƙa. Mai yawon buɗe ido ya ɗauki raƙuman Ayar, da raƙuman dawa na Kure, da kwalliyar Wodaɓe a Gerewol. Littafin hotunan Carol Beckwith a kan makiyayan Nijar, na 1983, ya zagaya duniya. Ɗan jarida ya zo Maraɗi a 2005 ya ɗauki yara masu tamowa a kan sikeli. Ba ɗaya daga cikin hotunan nan da yake ƙarya. Sai dai baƙo abin da ya zo nema yake gani, kuma hamada, da rawa, da yunwa ya zo nema. Tashar Wadata da asuba ba ta cikin lissafinsa, haka maƙeran Katako masu mayar da gwangwani tukunya, haka ɗaliban da ke bitar darasi ƙarƙashin fitilar titi daren jarrabawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, shi ne kuma ya san inda haske yake shigowa. Wanda ya hana ɗan gari ɗaukar hoton garinsa da sunan kare al'ada, ya miƙa wa baƙo siffar al'adar ke nan kyauta.

Akwai kuma masu kawo hujjar addini, kuma ba a yi musu gatse. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara: wasu sun haɗa shi da surar da aka hana, wasu sun bambanta shi da ita, suna ganin kama inuwa ne kamar yadda madubi yake kamawa. Wanda ya zaɓi tsantseni ya ƙi a ɗauki fuskarsa, haƙƙinsa ne, kuma wajibin mai kyamara ne ya sauke ta. Amma saɓanin a kan mai rai yake. Ba malamin da ya haramta hoton soro, ko zanen bangon gidajen Birni, ko rijiya, ko rumbu, ko hasumiyar Agadas. Fagen da ya rage wa mai tsantseni ya ishe shi aikin shekara arba'in.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, domin tana da tushe. Tun hare-haren Difa na 2015, da abin da ya biyo baya a Tilaberi da arewacin Tawa, ƙasa tana cikin halin da dole a yi hattara. Bariki, da filin jirgi, da shingen jami'an tsaro, da gine-ginen mulki, ba wurin gwada kyamara ba ne, kuma mai hankali ba ya jayayya a kan haka. Matsalar ita ce zargin ya wuce iyakarsa ya mamaye gari duka. Mai gadin kanti, da ɗan kamasho a tasha, da duk wanda ya ɗaura wa kansa iko, yana iya tare yaro mai ɗaukar hoton kasuwa ya ce ina takardar izini, ya tilasta masa ya goge. Mai mugun nufi kuwa ba ya tsayawa a fili yana gyara tsayuwa yana jiran haske. Ya ɗauki abin da yake so a ɓoye ya wuce, ko ya duba hoton tauraron ɗan adam a intanet yana zaune a ɗaki. Mai gaskiya kaɗai ake kamawa, domin shi kaɗai ne ba ya ɓuya. Abin da ya dace hukuma ta yi mai sauƙi ne: ta fayyace wuraren da aka hana, ta sa alama, ta sanar a rediyo da harsunan ƙasa, domin kowa ya san abin da ya rage halal ne.

Abin da ke cikin hatsari ya fi sha'awar mutum ɗaya girma. Yamai ƙauyuka ce a bakin kogi lokacin da aka maido da babban birni daga Damagaram a 1926. A 1960 mutanenta ba su wuce kimanin 30,000 ba. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da miliyan ɗaya. Garin da ya ninka haka cikin rayuwar mutum guda yana cinye kansa yana tafiya. Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, wadda ake gani yau ginin 1987 ce. Ƙaramar Kasuwa ta ƙone a 2012. Kafin gadar Kennedy ta 1970, da jirgin ruwa da kwalekwale ake haye wa Harobanda. An ƙara gada ta biyu a 2011, ta uku a 2021. Daga 2016 an rushe rumfuna da shaguna masu yawa a bakin tituna, gabanin taron Tarayyar Afirka na 2019. Ambaliyar 2012, da ta 2020, da ta 2024 sun tafi da gidajen ƙasa ba adadi. Maraɗi ta riga kowa sanin wannan darasi: ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari, aka hau tudu aka yi sabo, kuma yaron Maraɗi na yau da ƙyar zai ga siffar garin kakanninsa. Malamin tarihi da ke son nuna wa ɗalibansa yadda unguwarsu take shekara 40 da suka wuce, me zai ɗora a kan allo? Gani ya kori ji, amma sai an ajiye abin gani.

Abin mamaki, ƙasar nan ta san darajar ajiya. Gidan tarihi na ƙasa, mai sunan Bubu Hama, an kafa shi tun 1959. A 1968 aka buɗe a Yamai cibiyar tattara adabin baka wadda ta zama CELHTO, aka bi tsofaffi da na'urar ɗaukar magana ana naɗe tarihin garuruwa da kirarin sarakuna. Cibiyar IRSH ta tara rubuce-rubucen ajami da na Larabci. An ceci magana, an ceci takarda. Hoton rayuwar yau da kullum ne ya zama maraya. Labarin Philippe Koudjina ya isa izina. Ya sauka Yamai a 1959, ya bi gidajen rawa da mashaya da dandali da kyamararsa, ya ɗauki samari da ƴan matan shekarun farko na ƴancin kai, da tufafinsu da takunsu. Abin da ya bari na daga cikin shaidu mafi daraja a kan Yamai ta wancan zamani. Ya rasu a 2014 bayan shekaru na ƙuncin rayuwa, kuma sunansa ya fi sanuwa a wajen masu baje kolin hotuna na ƙetare bisa ga makarantun garin da ya ɗauka. Haka aka so a yi wa Keïta: a 1991 an nuna hotunansa a New York ba suna, sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako ya nemo shi. Mali ta ɗauki darasi. Tun 1994 Bamako ke karɓar babban taron masu hoton Afirka, kuma a 2007 Malick Sidibé ya karɓi Zakin Zinariya a Venise. Tsakanin Bamako da Yamai kogi ɗaya ne. Bambancin yana wajen waɗanda suka ɗauki abin da muhimmanci.

Sai dai adalci ya hana a wanke masu kyamara su ma. Ba a taɓa ɗaukar hotuna da yawa a Nijar kamar yau ba, kuma ba a taɓa ɗaukar abu ɗaya sau da yawa haka ba: fuskar mai wayar, a jingine da motar da ba tasa ba. Tun 1965 masanin zamantakewa Pierre Bourdieu da abokan aikinsa suka nuna cewa yawancin masu ɗaukar hoto a Faransa bikin iyali kawai suke ɗauka, aure da baftisma da hutu. Wayar salula ta ƙara ƙuntata da'irar, daga iyali ta koma kan mutum ɗaya. Wanda ya juya kyamara ga kansa sau ɗari bai zama mai hoto ba, madubi ya saya mai tsada. Sha'awar gaskiya tana farawa ranar da aka juya ta waje, aka koyi haƙuri: cewa ranar tsaka tana zuba baƙar inuwa a ƙarƙashin ido, hasken hantsi da na bayan la'asar su ne masu fito da ja na ginin ƙasa, cewa hazon hunturu yana tausasa komai, cewa farar riga tana ruɗin kyamara ta duhunta fuskar mai ita, sai an auna hasken a kan fuskar. Ba a koyon waɗannan a rana ɗaya, kuma wannan wahalar ce ta raba mai sha'awa da mai danna waya.

Laifi na biyu ya fi muni, shi ne rashin kunya. Akwai masu ɗaukar almajiri da ƙoƙonsa, da mahaukaci a juji, da wanda mota ta buge yana kwance cikin jini, su watsa a Facebook don a yaba musu. Wannan farauta ce, kuma ita ce ke ba masu raini hujja. Mutumin da talauci ya tsiraita yana da mutunci, kuma ba shi da bakin hanawa, don haka nauyin yana kan mai kyamara. A yi sallama, a gaisa, a faɗi dalili, a nemi izini, a karɓi a'a ba gardama. Matar aure a ƙofar gidanta, da yaro ƙarami, sai da yardar masu su. In an ɗauka, a wanke a kawo wa mutum nasa. Ɗan gari yana da abin da baƙo ba shi da shi: gobe ma zai biyo ta layin, zai haɗa ido da wanda ya ɗauka.

Laifi na uku shi ne sakaci. Hoton da ke cikin waya haya yake zaune. Waya ta faɗa ruwa, ɓarawo ya fizge, katin ajiya ya cika an goge don a sa waƙa, shi ke nan shekara biyar sun tafi. Wanda aka tura ta WhatsApp an matse shi, ya rage kyau, ranar ɗauka da ke liƙe da shi ta ɓace. Kakanni da ba su da komai sun bar hoto biyu ko uku a ƙasan adaka, ga su nan har yau. Jikoki masu hoto dubu suna iya barin babu. Vivian Maier, mai renon yara a Chicago, ta yi shekaru tana ɗaukar titunan birni ba wanda ya sani, ta bar fim na hoto fiye da 100,000. A 2007 aka yi gwanjon akwatunanta, duniya ta gan su, domin abu ne da hannu yake taɓawa. Da a waya suke, da sun mutu tare da batir.

Nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu yake, kuma nan ne suka yi barci. Ana shirya wasan kwaikwayo, da gasar waƙa, da kacici-kacici, amma ƙungiyar masu hoto a kwaleji ko a gidan matasa da al'adu sai an tona. Ba a bukatar tallafin wata ƙungiyar ƙetare, ba a bukatar taron bita a otel. Mushe guda da ɗalibai goma da wayoyi uku sun isa. A raba musu unguwa: wannan ya ɗauki Zongo, wancan Bukoki, wata Gamkale; a Damagaram, Birni da Zango; a Maraɗi, bakin Gulbi da kasuwa. A ba kowa sana'a guda ya bi ta shekara: marina, dukawa, masu kilishi, ƴan garuwa, magina masu yaɓe. A zaɓi mararraba guda a riƙa ɗaukarta daga wuri ɗaya duk shekara a rana ɗaya, a ga abin da shekara goma za su nuna. Kowane hoto a rubuta masa rana, da wuri, da sunan mai ɗauka, da abin da ke ciki, da Hausa ko Zabarmanci da kuma Faransanci, wanda darasin rubutu ne a kansa. Ƙarshen shekara a tace, a wanke talatin mafi kyau da kuɗin da bai kai na walimar rufe taro ba, a rataya a bangon aji iyaye su zo su gani, sannan a ajiye kwafi a ɗakin karatu, wani a wuri na biyu.

Akwai aikin da ya fi wannan gaggawa. A gidaje da yawa akwai tsofaffin hotuna na zamanin Diori da na Samariya, gara da zafi suna cin su. Tsohuwar da ta san sunan kowa a cikinsu tana raye yau. Ɗalibi ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya kwafi hoton da waya a cikin inuwa, ya tambaye ta wane ne wannan, ina ne nan, bikin wa ake yi, ya rubuta, ya mayar mata da abinta. Ranar da ta rasu, hoton ya zama na baƙi, ko da a ɗakin jikanta yake rataye.

Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Shugaban ƙungiya da ya karanta wannan ya ce abin yara ne, ya leƙa tagar ofishinsa ya dubi ginin da ke tsallaken titi, ya gwada tuna abin da ke wurin kafin a gina shi. In ya kasa, to ya san abin da ɗalibansa za su gada, kuma ya san ranar Asabar mai zuwa akwai aiki.